Kafa Ɗaya Aka Ce

Alhamis, 5 ga wata, da yamma

'Yata, yayar ɗana Auta, ce ta ce in riƙa rubutawa, wai ya fi in tsaya a kicin ina yi wa tukwane faɗa. To ga shi na fara, mu ga ko takarda ta fi tukunya haƙuri.

Yau ne Auta ya yarda zai yi magana da likita. Tun da ya dawo wurina farkon wancan watan ya shige ɗakin baya ya rufe ƙofa, ba ya fitowa sai ya ji na tafi shago. Ƙato da shi, mai gemu, ni ke ajiye masa abinci a ƙasa kamar mage. Asibiti ba zai je ba, don zuwa asibiti sai an hau titi, shi kuwa ko labulen da ke kallon titi ba ya ɗagawa. Shi ya sa yayarsa, daga can nesa inda take aure, ta nemo wata likita da ke ganin mutane ta kwamfuta, irin masu sauraron abin da ke cin mutum a zuciya.

Na ajiye masa kwamfutar da wayata a bakin ƙofa, don ta wayar ake jawo intanet ɗin. Na tsaya a lungu ina goge madubin da ba shi da datti. Na ji muryar matar, a hankali, ba gaggawa.  Can sai na ji tasa muryar. Wallahi har na fara manta yadda take. Ya ce, "Na gan shi. Na gan shi tun kafin..."

Sai sabis ya ɗauke.

Muryar likitar ta yi ta tsinkewa tana dawowa, sannan ta tafi gaba ɗaya. Na ji ya rufe kwamfutar. Ya ce ta bayan ƙofa, "Mama, ki ce mata ta bari kawai."

Na ji kamar in wurgo wayar nan daga bene. Ban wurga ba, ita kaɗai gare ni.

Juma'a, 6 ga wata, da hantsi

Likitar ta kira ni da kanta. Ta ce kar in karaya, wanda ya buɗe baki sau ɗaya zai iya sake buɗewa, amma kar a sake katse shi a tsakiyar magana. Za ta riƙe masa kowace Alhamis har ƙarshen watan nan. Bayan haka akwai masu jira, ba za ta iya hana su ba. Ta ce in nemi intanet ɗin da ba ya yankewa.

Yayarsa ta ce sunansa faiba, waya ce ake jawowa daga falwaya har cikin ɗaki. Na kira kamfanin daga shago. Yarinyar da ta ɗauka mai ladabi ce, ta duba ta ce layinmu akwai shi. Har na fara hamdala, sai ta ce, "Mama, gidan naku ne ko haya kuke?" Na ce haya. Ta ce, "To sai mai gidan ya sa hannu, don huda bango za a yi."

Huda bango! Na yi dariya har abokiyar aikina ta tsayar da keken ɗinkinta ta dube ni. Ba ta san Baba Magini ba.

Asabar, 7 ga wata, bayan azahar

Baba Magini shi ne mai gidan. Yana zaune a ƙasa, mu a sama. Da hannunsa ya gina shi tun yana da ƙarfi, kuma ya fi ji da shi fiye da haƙoran da suka rage masa. Shekara da shekaru ina nan ban taɓa kafa ƙusa ba. Hoton mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa, a jingine yake kan kabad, agogo a jingine, har kalanda a jingine take kamar mai ciwon baya.

Na same shi yana ɗiga wa ƙyaurensa mai.

"Baba, barka da hutawa."

"Tela! Famfo ne kuma?"

"Famfo lafiyarsa ƙalau. Waya nake so a sa min, ta intanet. Sai dai za su ɗan huda bango. 'Yar kafa ce, Baba, iya yatsa."

Ya ajiye gwangwanin man a hankali.

"Bangona?"

"Kafa ɗaya tak."

"Haka wanda ya riga ki ya ce. Ya huda zai rataya madubi, ya samu bututun ruwa, na yi ta kwana da lema a cikin ɗakina. Tela, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ke da ko rediyo ba ki kunnawa, me za ki yi da intanet?"

Na ce don aiki ne, ana turo min sababbin ɗinki in gani. Ya dube ni ta saman tabarau. Ƙaryar tawa ko kalmasa ba ta da ita, duk zare a waje.

"A'a," ya ce, ya ɗauki gwangwaninsa.

Na san da na faɗi gaskiya wataƙila da ya saurare ni. Amma ranar da Auta ya shigo da jakarsa abu ɗaya ya roƙe ni, kar kowa ya san yana nan. Ya gaji da sannu. Ni ma na gaji da ita. Akwai sannun da in an yi maka sai ka ji kamar an ɗaga maka riga a kasuwa.

Lahadi, 8 ga wata, da magariba

Auta ya ci rabin abincinsa.

Litinin, 9 ga wata, da yamma

Wata mata ta kawo wandon makaranta, ɗan ƙarami, ta ce a sake masa ƙafa, yaron tsawo yake yi kamar ana jan sa. Tana faɗa tana dariya. Na ɗauki reza zan farke, hannuna ya ƙi. Aikin da nake yi ido a rufe. Na tura wa abokiyar aikina na ce kaina ke ciwo, na shiga bayi na kunna famfo na daɗe.

Kowa ya ce ba laifin Auta ba ne, ranar da bas ɗin da yake tuƙawa ya buge ɗan makarantar nan, yaron ya rasu. Masu bincike sun faɗa, kamfanin bas ɗin sun faɗa, har mutanen da ke tsaye a wurin sun faɗa. Mutum ɗaya ne bai yarda ba, shi ne kuma ke ɗakin baya.

Ko rabin bai ci ba.

Talata, 10 ga wata, da safe

Na tarar da farantin jiya yadda na ajiye shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Raina ya ɓaci. Na buga ƙofar da tafin hannu har sai da ya yi zafi, na ce, "Ka fito! Har yaushe? Kai ma mutuwa ka yi?"

Kai ma. Bakina ne ya faɗi haka.

Ba motsi. Na ce, "Auta, ka yi haƙuri." Ba motsi. Na tafi shago na ɗinke wa wani bawan Allah aljihun wandonsa ruf, ban ma lura ba har ya karɓa ya tafi.

Laraba, 11 ga wata, da yamma

Ina hawa bene da leda a hannu Baba Magini ya tsayar da ni.

"Tela, zo nan. Wa ke auna min daɓe idan kin fita?"

Na yi kamar ban gane ba.

"Daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, wuni guda, a saman kaina. Ni na zuba simintin nan. Na san nauyin mage, na san na mutum."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ajiye ledar a kan matakala. Na ce, "Ɗana ne, Baba. Ba shi da lafiya."

"Direban?"

"Shi."

Bai tambaye ni komai ba. Ashe ya ji. Ashe kowa ya ji, ni ce kawai nake ta wahalar rufa-rufa. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Wayar nan don shi ce?"

Na ce likita ce za ta riƙa yi masa magana ta ciki.

Ya daɗe yana kallon bangonsa. "Kafa ɗaya," ya ce. "Ɗaya, Tela. Kuma ni zan nuna inda za a huda. Kawo takardar."

Na durƙusa zan yi godiya, ya ce in tashi, tumatirina na gangarawa.

Alhamis, 12 ga wata, da rana

Kamfanin sun ce sai Litinin. Alhamis ɗaya ta tafi.

Asabar, 14 ga wata, da yamma

Yayarsa ta kira, jaririyarta na tsala kuka a bayanta. Ta ce za ta taho. Na ce ta zo ta yi me, mu zama mu biyu a bakin ƙofa? Ta ce, "Mama, ke fa, kina cin abinci?" Na ce wa ya aiko ta. Ta yi shiru, na yi shiru, jaririyar ta yi mana maganar.

Na wanke yunifom ɗinsa na goge, don ba na iya ganin tufa a cukurkuɗe. Bayan na gama na rasa inda zan kai shi. Na sa shi ƙarƙashin katifata.

Rabi.

Litinin, 16 ga wata, bayan la'asar

Na ɗauki hutu, na share falo, na janye kujeru daga jikin bango, na zauna. Baba ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, da fensir a bayan kunne. Duk motar da ta tsaya sai na leƙa. Ba su zo ba.

Na kira na zazzage wa yarinyar nan mai ladabi duk abin da ke cikina, har da wanda ba nata ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce motar mai jan wayar ce ta lalace, sai jibi. Ta ce, "Mama, akwai gaggawa ne?" Na ce akwai. Na ba ta haƙuri, don ba ita ta lalata motar ba.

Laraba, 18 ga wata, da yamma

Mai jan wayar ya zo. Gajere ne mai tumbi da furfura a gemu, da tsani a saman mota, bakinsa ba ya hutawa. Tun daga ƙofa ya ce, "Mama, ki yafe mana Litinin, motar ce ta yi yaji, sai da na je biko."

Baba Magini ya riga shi hawa. Ya ƙwanƙwasa bangon falo da yatsa, ya kasa kunne, ya zana 'yar alama ƙasa da taga. "Nan. Ka kauce ko da faɗin farce ne, ni da kai ne." Mai wayar ya ce, "Ranka ya daɗe, ko aski nake yi maka ba zan fi haka kula ba." Da injin ya fara ƙara Baba ya runtse ido kamar shi ake hudawa. Ni hankalina na ɗakin baya. Na riga na faɗa wa Auta ta ƙofa cewa za a yi ƙara, kar ya firgita.

Mai wayar ya hau falwaya ya jawo ta, ya shigo da ita ta kafar. Ya feƙe bakinta ya nuna min abin da ke ciki. Na sa tabarau. Zare ne, wallahi, ya fi wanda nake yi wa mayafi kalmasa da shi siranta. Ya ce na gilashi ne, haske ne ke gudu a cikinsa. "Abu ɗaya ne ba ya so, Mama, a karya masa kwana. Kika lanƙwasa shi da ƙarfi, ba za ki ga ya karye ba, amma hasken ya tsaya. Lallaɓa shi ake yi ya zagaya." Na ga yadda yake bi da shi a kusurwa, a hankali, ba ya matsa masa.  Tafin hannuna na tuna a jikin ƙofa.

Ya ɗora ɗan akwatin intanet ɗin kan kabad kusa da hoton mahaifinsu. Wuta ta yi ja, ta yi ta ƙyaftawa, ta koma kore. Baba ya duba kafarsa ciki da waje, ya ga an toshe gefenta da farin gam, ya ce ba laifi, ya tafi wurin aski.

Sai muka gwada. A falo abin gudu yake yi. A kicin ma haka. Da na kai wayata bakin ƙofar Auta sai ya fara ja da baya. Mai wayar ya ce cikin ɗakin kuwa ba abin da zai kai. "Tsohon nan ba gida ya gina ba, banki ya gina. Rodi ne cike da bangon. Mai kwamfutar ya fito falo mana."

Falon da tagarsa ke kallon titi, da makarantar da ke tsallake. Na ce ba zai fito ba.

Ya dube ni, ya dubi farantin da ke ƙasa a bakin ƙofa, bakinsa ya huta a karon farko. Sannan ya ce akwai hanya. Wata waya ce dabam, mai kauri, a ja ta daga akwatin ta bi kicin, a huda bangon da ke tsakanin kicin da ɗakin, a soka ta a kwamfutar kai tsaye. "Sai dai, Mama, takardata kafa ɗaya ta ce."

Na leƙa ta taga. Baba ya sha kwana.

Na ce, "Huda."

Ya laluba da wata 'yar na'ura ya tabbatar ba bututu, ya huda gefen kantar kofuna. Ya ce saura a shiga ɗakin a jawo wayar ta ciki. Na ƙwanƙwasa. Na roƙa. Na lallaɓa. Ƙofa ba ta buɗe ba. Mai wayar ya jira har shayinsa ya huce, sannan ya soka bakinta ɗaya a akwatin, ya naɗe sauran ya ajiye min kan firji.

"Ba sai da ni ba, Mama. Ki tura ta nan, wani ya ja ta can. Amma fa dole sai da mai ja."

Alhamis, 19 ga wata, da rana

Wuta kore, ƙofa a rufe. Likitar ta jira, na ba ta haƙuri. Saura Alhamis ɗaya.

Juma'a, 20 ga wata, da safe

Auta ya toshe kafar da tishu ta cikin ɗakinsa.

Na saɓa wa tsohon da ya yi min alheri, kuma a banza. Ina jin haushin Auta, ina jin haushin kaina, ina jin haushin wayar nan da ta naɗe kan firji kamar macijin da ya ƙoshi. Na gaji. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko yayarsa, amma na gaji.

Asabar, 21 ga wata, da hantsi

Ina wanke-wanke sai na ga ɗan haske a jikin bango. Tishun babu.

Ban leƙa ba. Wallahi na so, har na sunkuya, sai na tuna mai wayar da maganar kwana. Na miƙe na koma abin da na saba, na yi wa tukwane hira. Na ba babbar tukunya labarin mutumin da na ɗinke wa aljihu, yadda ya dawo shago yana ta laluben cinyarsa a gaban mata, yana neman inda zai sa makulli. Na faɗa wa buta cewa abokiyar aikina ta sake rina gashi, ya fito kalar tsatsa, ta ce haka ake yayi. Ba wanda ya amsa. Tukwane dama ba su taɓa amsawa ba.

Farantin ya dawo wayam.

Lahadi, 22 ga wata, bayan azahar

Ina yanka albasa, ina ba tukunya labarin Baba da lemarsa, sai bango ya ce, "Mama."

Wuƙar ta suɓuce min.

"Mutumin nan mai aljihu. Kin farke masa?"

Na ce, "Na farke. Har ya ce in ƙara masa ɗaya a baya, ko da na sake."

Na ji wani ɗan sauti, ba dariya ba ce sosai, amma 'yar uwarta ce. Na riƙe bakin kanta na yi kuka ba murya, na ɗora wa albasa laifi ko da yake ba mai tambayata.

Mun yi hira har ruwan da na ɗora ya ƙone. Ba wata maganar kirki. Ya tambayi wa jaririyar yayarsa ta ɗauko, na ce hancin mijin, Allah ya kyauta. Ya ce gishiri ya yi yawa ran Alhamis. Ka ji mutum, kusan wata biyu bai yi hira da ni ba, da ya tashi sai ya fara da gishiri. Baba Magini ya yi gaskiya, sai bango ya tsage ake samun wurin shiga. Bai dai faɗi cewa wani lokacin na ciki ne ke neman wurin fita ba.

Litinin, 23 ga wata, da yamma

Ban je shago ba. Ya ce in jawo kujera in zauna, kar in ce komai, kar kuma in ce ba laifinsa ba ne. Na zauna da kunnena kusa da kafar.

Ya faɗa min. Tun daga fitowarsa da motar da safe har ƙarshe. Ba zan rubuta ba, ba maganar takarda ba ce. Ya faɗi launin jakar yaron. Ya ce har yanzu ƙafarsa tana neman birki, ko a kwance yake.

Bakina ya yi ta buɗewa zai faɗi abin da ya hana ni, ina danne shi da hannu. Da ya gama na ce, "Na ji, Auta." Shi ke nan. Na zura ɗan yatsana a kafar iya inda ya shiga. Bangon Baba ya yi kauri, ba mu kai juna ba. Amma ya ce ya ga hasken ya toshe, ya san ni ce.

Talata, 24 ga wata, da safe

An kwana ana ruwa, sai ga Baba ya hau duba ko kafarsa ta yi damshi. Falo lafiya. Ya ce in ba shi ruwa ya sha, ya biyo ni kicin kafin in jingina faranti a wurin.

Ya tsaya. Ya sa tabarau. Ya cire. Ya sake sawa.

"Tela."

"Na'am, Baba."

"Nawa na ce?"

"Ɗaya."

"Wannan fa? Haihuwa ta yi?"

Nan take na fara haɗa kayana a zuci. Ina zan kai Auta, wa zai ba mu ɗaki, ta wace hanya ma zai bi ya fita? Baba ya sunkuya zai leƙa, jijiyar wuyansa ta tashi don fushi. Sai bango ya ce, "Baba, ina kwana?"

Tsohon ya yi baya har ya bugi kanta, kofuna suka yi ƙara.

"Saboda ni aka huda, Baba. Kar ka ga laifin Mama."

Baba ya juyo. Ya dube ni. Ya gyara murya, ya sake sunkuyawa ya kai bakinsa wurin. "Lafiya lau, Direba. Ya jiki?"

Na ji tsoron kar sunan nan ya fama masa ciwo. Sai Auta ya ce, "Da sauƙi."

"To madalla. Ka rage auna min daɓe, gidan ba ƙaruwa zai yi ba."

Ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya shafa gefen kafar da babban yatsa. "A karkace ma ya huda ta," ya ce. "'Yan zamani." Ya shanye ruwansa. Har ya kai ƙofa ya juyo. "Idona ba ya gani sosai yanzu, Tela. Ni kafa ɗaya na gani a gidan nan."

Laraba, 25 ga wata, da yamma

Shi ya fara. "Mama, gobe Alhamis ko?" Na ce Alhamis. Ya ce, "Turo wayar."

Abin da nake ta roƙo ke nan, amma sai ga ni tsaye da waya a hannu na kasa motsi. Kaurinta daidai kafar ne. In ta shiga ba sauran wurin murya. Ba zan ɓoye ba, kishin likitar nan na ji. Da ƙyar na samo ɗana, ga shi zan toshe hanyar da hannuna in miƙa shi ga wata.

Ya ce, "Mama, kina nan?"

Na ce ina nan, zare nake nema.

Wayar ta ƙi tafiya, tana ta dunƙulewa cikin bangon. To shekarun da na yi ina zura zariya a ƙugun wando ba su tafi a banza ba. Na zare ƙarfe ɗaya daga tsohuwar lema, na ɗaure bakin wayar a jikinsa da zare, na tura a hankali.

"Ka gan ta?"

"Tukuna."

"Yanzu fa?"

"Na ga ƙarfe."

"To ja. Sannu-sannu, kar ka karya mata kwana."

Sai na ji ta tana tafiya a tafin hannuna, ana jan ta daga can. Na sake mata. Ta yi ta shiga har ta miƙe, ɗan hasken da ke jikin bango ya ɓace.

Na ce, "Auta?" Na ji kamar ya amsa, can ƙasa-ƙasa, ban gane me ya ce ba.

Alhamis, 26 ga wata, da magariba

Da lokacin ya yi na sauka ƙasa, don kar ƙafata ta sake kai ni wurin madubi. Baba ya ba ni kujera, ya ɗauko wata tsohuwar riga ya ce in mayar masa da maɓalli tun da dai zama na zo yi.  Ni ina ɗinki, shi yana kallon rufin ɗakinsa. Can ya ce, "Yau ba a auna daɓe."

Wayata na kan cinyata, ina jiran likitar ta kira ta ce ya yanke, ko ya rufe, ko bai buɗe ba. Ba ta kira ba. Lokacin ya cika har ya gota. Sai ga saƙonta, gajere: ta sa shi a duk Alhamis ɗin wata mai zuwa.

Na hau. Ƙofarsa a rufe kamar kullum. Na shiga kicin na ɗora ruwa. Na fara ba tukunya labarin matar da ta kawo labule ta ce a mayar mata da shi siket, don baki ya riga ya saba. Na kai rabi na tsaya. Wayar ta cika kafar tam. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna, amma kicin ɗin ya koma min shiru irin na da, na tsaya ina kallon wayar nan ina share ido da bayan hannu.

"Sai me ya faru?"

Ba daga bango ba ne. Daga bayana ne.

Yana tsaye a bakin kicin, ya rame, gemu ya cika masa fuska, ya riƙe farantinsa da hannu biyu, idonsa na ƙyaftawa saboda hasken taga.

"Kin toshe min kafa," ya ce. "Shi ya sa na biyo ta ƙofa."

Na karɓi farantin daga hannunsa. Na ce, "Jawo kujera. Ba a jin labarin nan a tsaye."